Lambar Baba Ɗantani

"Danne wurin, danne da ƙarfi!" in ji mai adaidaita sahun, yana leƙo mu ta madubi, yana neman hanya tsakanin wata motar bulo da masu tura baro.

Ina dannewa. Na cire rigata na dunƙule ta a haƙarƙarin Baba Ɗantani, amma jinin ya riga ya ratsa ta, ina jin ɗuminsa yana bin tsakanin yatsuna. Tafin hannunsa na dama ma a yanke yake, ya ɗora shi a cinyata kamar ba nasa ba. Babu hula a kansa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kan mutumin nan a buɗe haka ba sai ranar, shi da sana'arsa wankin hula.

"Naziru," ya ce. "Wayar fa?"

"Baba, bar maganar waya. Yi ta salati."

"Sun tafi da ita?"

"Sun tafi da ita."

Ya rufe ido. Na ɗauka suma ya yi, har na fara jijjiga shi, sai na ji ya ce a hankali, "Katin yana bayanta."

Na san inda yake nufi. Katin bankinsa a cikin rigar wayar yake sa shi, ya ce abu biyu a wuri ɗaya sun fi sauƙin tsaro. Na sha yi masa magana a kai.

Baba Ɗantani maƙwabcinmu ne a Jakara, katanga ɗaya ta raba mu. A soron gidansa yake wankin hula, ya sa mata sitaci, ya kifa kowacce a kan katakonta, ya jera su a dakali su sha rana. A bangon soron, sama da hulunan, akwai lambar akawun ɗinsa da shuɗin fenti. Ba don kuɗin wanki aka rubuta ta ba. Yawancin tsofaffin lungunmu ba su da akawun, 'ya'yansu kuma suna Legas, suna Fatakwal, wasu suna Saudiyya. Duk wanda zai aiko wa uwarsa wani abu, lambar Baba Ɗantani yake turawa. Alat ɗin banki ya shigo, ya tafi wurin mai POS da ƙafarsa, ya ciro ya kai har gida. Wasu su ce ya bar musu a ciki sai buƙata ta taso. Yaran lungun sun haddace lambar, har waƙa suke yi da ita idan suna wasa.

Yayana Nura ma can yake turo wa Ummanmu. Ni ina da akawun, har biyu ma, amma Nura ya ce gara ya jefa kuɗinsa a rijiya. Ban ga laifinsa sosai ba. Tun da na bar makaranta a ƙaramar sakandare na taɓa gyaran waya, na taɓa ɗinki, na taɓa zaman shago, babu inda na yi wata shida. Baba Ɗantani Sarkin Yawo yake ce mini. Duk da haka, lokacin da 'yarsa Jamila ta sayo masa babbar waya daga gidan mijinta a Gwale, ni ya kira na haɗa masa harkar bankin a ciki. Da muka zo wurin lambar sirri sai ya ce in fita waje. Na fita na tsaya a rana kamar wanda aka kora daga aji.

Haka yake yi wa kowa. A wurin mai POS hularsa yake cirewa, ya kifa ta a kan na'urar, ya cusa yatsa a ƙarƙashi ya danna, sannan ya mayar da ita kansa kafin ka gama ƙifta ido. Matarsa Inna Hajo ta yi fushi a kan lambar nan har ta gaji.

Safiyar Asabar ɗin, ya fita sayen sitaci da sabulu a bakin kasuwar Kurmi. Wata mai ƙosai da ta ga abin ta ce alat ne ya shigo, ya tsaya ya ciro wayar yana nisa da ita daga ido don ya karanta. Samari biyu suka fito daga lungu. Ta ce da ya saki, da tuni sun wuce. Bai saki ba. Hannu biyu ya sa ya rungume ta a ƙirji, sai ɗayansu ya zaro wuƙa. Ina kan bencin mai shayi na ji ihu.

A asibiti suka karɓe shi suka shige da shi, suka bar ni a baranda babu riga, jini har gwiwar hannu. Wani mai jinya ya ba ni tsohuwar singileti. Hulata kawai ta rage a jikina da ba ta ɓaci ba, hana-sallah baƙa wadda Baba Ɗantani ya ce ko kyauta ba zai wanke ta ba.

Na zauna na tashi. Na yi zaman gyaran waya, na san abin da yaran nan suke yi. Ba wayar ce ta dame su ba. Sim ɗin za su cire su sa a wata ƙaramar waya, ga kati a hannu, su yi ta gwada lambobi. Duk saƙon da banki zai turo, su zai je wa. Kuma Asabar ce, babu bankin da zai buɗe ƙofa sai Litinin.

Na kira layin bankin. Wata murya ta yi ta zuba Turanci, danna ɗaya, danna biyu, sannan aka sa mini kiɗa. Ina jin kiɗan har katin wayata ya ƙare. Na roƙi wani mai sayar da ruwa ya tura mini kati na ba shi kuɗin hannu, na kira Abdulhakeem, abokina mai POS a bakin titinmu.

"Akwai lambar da ake dannawa a rufe akawun daga kowace waya," ya ce. "Zan turo maka. Ka san lambar akawun ɗin?"

"Wa bai sani ba?"

"To. Amma nasu bankin sai an sa lambar sirri a ƙarshe."

"Kai, Abdul."

"Wallahi. Sai ka lallaɓa tsohon."

Sai da rana ta take aka fito da shi aka kwantar a ɗakin maza, an ɗinke, an naɗe hannun dama kamar na ɗan dambe, ga ledar jini a rataye. Inna Hajo ta iso da Jamila, idonsu ya kumbura. Likitan ya ja mu gefe ya ce wuƙar ta shiga ciki sosai, sun yi abin da za su iya, sai a yi ta addu'a a ga yadda jikin zai karɓa.

Na durƙusa a bakin gadon. "Baba, akwai yadda za a rufe akawun ɗin yanzu, ko sun zo da katin ba zai yi aiki ba. Na sa komai. Lambar sirrin kawai ta rage."

Ya buɗe ido ya dube ni. Leɓensa ya bushe ya yi fari.

"Kai ma?" ya ce.

"Baba, ba ci zan yi ba. Rufewa zan yi."

"Ba a faɗa."

"Malam, don girman Allah," in ji Inna Hajo. "Yau ma? Kana kwance haka?"

"Yau ɗin ma. Miƙo nan in danna da kaina."

Na sake danna lambobin daga farko, na riƙe masa wayar a saitin hannun hagu. Bai taɓa ba. Idonsa yana yawo a ɗakin: masu jinya a kan tabarmi, wani yaro mai karaya yana kallonmu, nas tana wucewa da tire.

"Ba ni hularka," ya ce.

Na cire hana-sallar na ba shi. Ya kifa ta a kan wayar.

"Juya fuskarka bango. Hajo, ke ma. Jamila."

Muka juya mu uku muna kallon bango, hannuna a miƙe ta baya yana riƙe da waya. Ina jin yatsansa yana lalube a kan gilashin. Ya daɗe. Da ya ce ya gama na duba, lokacin da aka ba mu ya wuce, shafin ya rufe kansa.

Muka sake. Wannan karon netwok ya ɗauke a tsakiya. Na fita baranda ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, na dawo da gudu kafin sandunan netwok ɗin su sauka. Zufa ta jiƙa masa goshi. Jamila tana kuka ƙasa-ƙasa, fuskarta a bango.

"Baba, ka faɗa mini a kunne. Wallahi tallahi daga nan zan manta."

"Kai da ba ka manta bashin mai shayi ba, shi ne ya manta da kai. Juya."

Na juya. Kowane minti ina ganin yaran nan a gaban wata na'ura a Sabon Gari ko wani lungu, suna dannawa.

"Duba," ya ce.

Na ɗaga hular. Turancin gajere ne, na iya karanta shi: an rufe.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna Hajo, ta zauna a ƙasa daɓas.

Ya bar ni na gama murnata, sannan ya ce, "Kafin a rufe fa? Sun taɓa?"

Tun safe abin ya faru, ga shi ana shirin kiran azahar. Idan sun cira, alat ɗin yana hannunsu. Babu yadda za a yi mu gani sai Litinin.

Na so in ce masa ba su taɓa ba. Amma mutumin nan yana gane ƙarya a fuskata tun ina satar masa sabulu ina yin kumfa a kwata.

"Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa.

Haushi ya taso mini, ban san lokacin da na ce, "Da ka sakar musu! Sau nawa na gaya maka kuɗin ba a cikin wayar suke ba? Suna banki. Waya ƙofa ce kawai."

"To ai ƙofar na riƙe," ya ce, bai juyo ba.

Da la'asar mutanen lungu suka fara zuwa. Maza su tsaya a ƙafar gado su yi addu'a, mata su zauna wurin Inna Hajo da kwanukan abinci. Kowa ya ce Allah ya ba da lafiya, Allah ya tona asirin azzalumai. Babu wanda ya ambaci kuɗi. Ko Ummanmu, da na san abin da Nura ya turo na kuɗin haya yana ciki, sannu kawai ta yi ta koma gefe tana jan carbi. Amma ina ganin yadda kowa yake satar kallona idan zai fita, ko zan ce wani abu. Ni kuma in sunkuyar da kai.

Shi ma yana gani. Duk wanda ya shigo sai ya runtse ido kamar mai barci.

Ya Kaka ce kaɗai bai iya yi wa haka ba. Tsohuwa ce 'yar asalin Barno, tun kafin a haife ni take lungunmu tana sayar da turaren wuta. Idonta ya yi yana, jikarta ce take jan ta. Ɗanta direban tirela ne, ya daɗe yana turo kuɗin aikin idon kaɗan-kaɗan, suna taruwa a wurin Baba Ɗantani. Ƙamshinta ya riga ta shigowa ɗakin. Ta lalubi ƙarfen gadon ta riƙe.

"Ɗantani, an ce ka yi dambe da 'yan zamani."

"Ya Kaka," ya ce. "Kuɗin idonki…"

"Wa ya tambaye ka?"

"Amana ce."

"Na ce wa ya tambaye ka? Ni na zo duba mai wankin hula ne, ban zo banki ba. Idon nan me ya rage bai gani ba? Ka sha kunun da na kawo."

Bai sha ba. Ko ruwa sai da Jamila ta yi da gaske ya jiƙa leɓe. Na kasa zama a ɗakin. Na fita na zaga asibitin, na dawo, na sake fita. Na kira wasu abokaina na ce mu haɗu mu shiga lungunan bayan kasuwa mu nemo yaran. Abdulhakeem ya ce, "Ka nemo su ka yi musu me? A kwantar da kai a gadon kusa da shi?" Na zage shi na kashe wayar.

Washegari da hantsi na dawo da ruwan zafi a fulas. Jikin ya sauya. Fuskarsa ta faɗa, cikinsa ya ɗan kumbura, numfashin yana fita guntu-guntu. Jamila ta ce tun asuba abu ɗaya yake tambaya, ko yau Litinin ce.

Ina zuba ruwan a kofi wayar Inna Hajo ta yi ƙara a cikin ɗaurin zaninta. Ta ciro ta miƙa wa Jamila ta duba mata. Jamila ta duba, ta saki salati, wayar ta kusa faɗuwa.

"Lambar Baba ce."

Na karɓa na danna yadda kowa zai ji, na miƙa wa Inna Hajo, na yi mata alama ta yi magana.

"Salamu alaikum," in ji wata murya, a natse, da ladabi. "Hajiya ce? Matar mai wayar nan?"

"Ni ce. Wa alaikumus salam."

"Hajiya, mu 'yan sintirin unguwa ne. Mun kama wasu ɓata-gari jiya, mun samu waya da katin banki a jikinsu. Muka ga an rubuta Hajo Gida, shi ne muka ce bari mu kira."

"Allahu akbar! Allah ya yi muku albarka, 'ya'yan nan. Allah ya raba ku da sharrin zamani."

"Amin, Hajiya. Yanzu za mu aiko yaro ya kawo har gida. Sai dai shugabanmu ya ce ba a ba da kaya sai an tabbatar da mai shi, kin san halin mutane. Lambobin nan guda huɗu na katin za ki faɗa, mu duba idan sun yi daidai, shi ke nan."

Inna Hajo ta rufe bakin wayar da tafin hannu, ta sunkuya kan mijinta, hawaye yana zuba.

"Ka gani ko, Malam? Ka ga abin da nake gaya maka? Da na san lambar da yanzu an gama. Bayin Allah sun tsinto maka, faɗa musu mana."

Ni kuwa tunani na tsaya yi. Na san ba 'yan sintiri ba ne, wannan ko yaro ya sani. Abin da ya tsayar da ni daban ne. Yini guda da kwana kati yana hannunsu, sim yana hannunsu. Wanda ya riga ya kwashe, me zai sa ya kira gidan mutumin da ya soka yana neman lamba?

Na dubi Baba Ɗantani. Idonsa a buɗe tar, yana kaina. Ya riga ni isa wurin.

"Kawo nan," ya ce.

Inna Hajo ta kai masa wayar bakinsa.

"Yaro."

Aka yi shiru a can.

"Yaro, kana ji na? Ni ne mai wayar." Ya tsaya ya ja numfashi. "Lambar nan, matata ga ta nan, shekara da shekaru tana gaba da ni a kanta, ban ba ta ba. Kai da ka soke ni jiya zan ba?"

Inna Hajo ta dafe ƙirji.

Ana jin ƙarar injin markaɗe daga can. Da muryar ta dawo, ladabin ya tafi, ta koma ta yaro ƙarami, wanda bai fi ni ba.

"Kai tsohon nan ka cika taurin kai. Mun gwada har na'ura ta haɗiye… har ta ƙi katin. Wayar ma duk ta tsage, ko kuɗin kirki ba za ta yi ba." Ya yi tsaki. Sannan, ƙasa-ƙasa, "Da ka saki ai da ba a yi haka ba."

"Haka Naziru ma ya ce."

Aka kashe.

Mai jinyar gadon kusa, da ya miƙe tun farkon kiran, ya ce, "La'ilaha illallahu." Inna Hajo tana kallon wayar a hannunta kamar ta ɗauko maciji. "Har albarka na sa masa," ta ce. "Har albarka."

Sai muka ji wani sauti daga gadon. Na ɗauka shaƙewa ya yi. Dariya ce, tana fita da ƙyar, yana riƙe haƙarƙari da hannun hagu, hawaye yana gangarowa cikin kunnensa.

"Ba su taɓa ba, Sarkin Yawo."

"Ba su taɓa ba, Baba."

"A gaya wa Ya Kaka. A gaya wa Ummanku." Ya lumshe ido ya buɗe. "Hajo, ina kunun nan?"

Ta ɗumama da ruwan fulas ta ba shi a cokali. Ya sha kaɗan, ya ce ya yi tsami, Ya Kaka ba ta iya kunu ba sai turare. Jamila tana dariya tana share ido. Ni ma na zauna a ƙasa na jingina da gadon, na ce a raina shi ke nan, tunda ya ci abinci zai tashi.

"Naziru."

"Na'am, Baba."

"Hulunan mutane suna cikin ruwa tun jiya da safe. Na jiƙa su na ce in dawo da sitaci. Idan suka ƙara kwana zare zai zuba, farare su ɓaci."

"Baba, wa yake ta hula yanzu?"

"Masu su. Je ka tsame. Ka ɗauraye da ruwa mai kyau, kada ka murɗe, matsewa ake yi. Akwai ragowar sitaci a gwangwani bayan ƙofa, zai isa. Ka san yadda nake kifawa."

"Na sani."

"Ba ka sani ba, amma je ka." Ya ɗaga hannun hagu ya nuna hana-sallata. "Wannan kuma kada ka kuskura ka sa ta a bahona."

Na tafi. Na bi ta gidan Ya Kaka na faɗa mata daga bakin ƙofa. Ta ce, "To, na ji. Shi ya jikin nasa?" Na ce da sauƙi, har ya sha kununta. Na leƙa na gaya wa Umma, ta ɗaga hannu sama. Kafin in buɗe soron labari ya zaga lungu.

Bahon yana inda ya bar shi, ruwan ya fara wari. Na zubar na ɗebo sabo. Ban taɓa zama na yi aiki ɗaya tun daga farko har ƙarshe ba tare da na duba waya ba sai ranar. Na ɗauraye su ɗaya bayan ɗaya, zanna bukar, damanga, 'yan ƙube, na matse ban murɗe ba. Na dama sitacin, ya yi gudaji, na tace da tsumma na sake. Na kifa kowacce a katakonta ina ja ina daidaita baki, na fito da su dakali.

Ina kan ta ƙarshe na ji kuka ya tashi daga cikin gidanmu, muryar Umma. Sannan wayata ta fara ƙara a aljihu. Hannuna duk sitaci. Ban ɗauka ba, na gama ja wa hular baki tukuna.

Bayan la'asar aka yi masa sallah a ƙofar gida, lungun ya cika har titi. Na ɗauki makara, na shiga cikin masu miƙa shi. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi, mai unguwa ya ce maganar banki a bari sai an share makoki, za a je da Jamila da takardu, kowa ya san abin da ya ajiye kuma babu wanda zai yi ƙarya a kan mamaci.

Na shiga cikin gida in yi wa Inna Hajo gaisuwa. Tana zaune a tsakiyar mata, an lulluɓe ta da mayafi. Ta ɗago ta gan ni.

"Naziru, da ka fita ya faɗa maka?"

"Me, Inna?"

"Lambar."

"A'a."

"Ni ma har ya cika ina riƙe da hannunsa." Ta girgiza kai, bakinta yana rawa, ban san ko kuka ne ko murmushi ba. "Kalmar shahada ya yi ta yi. Ya tafi da abarsa."

Na fito. An manta da hulunan a dakali, masu zaman makoki sun zauna nesa da su, babu wanda ya taɓa. Suna jere a ƙarƙashin shuɗiyar lambar, wasu sun karkace saboda ban iya kifawa ba. Wata yarinya ta zo wucewa da tallan gyaɗa, ta fara rera lambar kamar yadda suka saba, ta ga tabarmi ta yi shiru.

Inuwar katangarmu ta fara hawa dakalin. Na taɓa ta farko, da sauran danshi a bakinta. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, na matsar da su can ƙarshe, inda rana ta rage.